Rantsuwar Ukasha Mai Fenti

Duk wanda ya taɓa karanta allon shago a Kazaure, daga bakin tasha har fita hanyar Daura, da wuya a ce bai karanta rubutun Ukasha ba. Shi ke zana kaza a bangon masu kaji, da kai mai sabon aski a ƙofar masu aski, da kwalbar lemo tana zufa a shagon da ba a taɓa samun lemo mai sanyi ba. In kakar siyasa ta zo, sai ya zana wannan jam'iyya da safe, da yamma wasu su kira shi ya shafe ya zana tasu, kuma ko a jikinsa. Gajere ne, ya ba hamsin baya, faratansa ba su taɓa rabuwa da shuɗin fenti ba. Matarsa Zulaiha ta daɗe da haƙura da wanke masa riguna su fita.

Mutum ne mai sanyin hali. A yi musun ƙwallo a majalisarsu ta gindin darbejiya har a kusa ba hammata iska, Ukasha na gefe yana wanke buroshi. A zagi jam'iyyar da ya zaɓa, sai ya ce Allah ya kyauta. Abu ɗaya ne tak in aka taɓa za a ga jijiyar wuyansa ta tashi, shi ne wani shirin Turawa mai dogon zango da ya fara bi tun yana sabon ango.

Sunan shirin na Turanci babu wanda ya damu da shi. Ukasha ne ya raɗa wa jarumin Katanga, sunan kuma ya bi shi. Ma'aikacin jirgin ƙasa ne a wani birni da ba ya rabo da masifa, Allah ya ba shi jikin da ƙarfe ba ya ci, wuta ba ta ƙonawa. Ba ya tashi sama, ba ya fid da wuta ta ido kamar sauran irinsa. Abin da ya iya shi ne tsayuwa. Jirgi ya ƙwace, ya tsaya a gabansa. Gini zai rufto wa mutane, ya sa kafaɗa. Bai taɓa fara dukan kowa ba, kuma in ya gama sai ya ɗauki kwanon abincinsa ya koma bakin aiki. Wannan kwanon ne ya sace zuciyar Ukasha. Yakan ce duk cikin jaruman Turawa, wannan kaɗai ne ya samu tarbiyya.

Ba shi kaɗai ya fara kallon ba. Akwai Muhammadu Lawal, taubashinsa, ɗan yayan mahaifiyarsa, direban motar haya tsakanin Kazaure da Babura. Tun suna yara Lawal ke kiransa bawan gidansu, tunda shi ɗan namiji ne, Ukasha ɗan mace. Shi kuma Ukasha ya ce masa direban lahira, wai duk wanda ya shiga motarsa ya fara yafe wa iyalinsa. A zamanin faifai, in Lawal ya sa motarsa a layi yana jiran lodi, sai su shige gidan kallon bayan tasha. Ukasha ya yi sakandare, yana tsintar Turanci, don haka shi ke fassara wa jama'a da ƙarfi. Inda ya gane ya faɗa, inda bai gane ba ya ƙara gishiri, har ta kai mutane sun fi kallon bakinsa a kan akwatin talabijin ɗin.

Sannan idon Lawal ya fara mutuwa. Da farko gefen hanya ne ya daina gani, har wata rana ya kusa kwashe mai amalanke. Aka je asibiti, aka je wani, aka dawo da magungunan ɗigawa da maganar da ba ta da daɗi: irin ciwon ne da ba ya gyaruwa. Ya miƙa makullin mota, ya koma gidan gadonsu a Kanya Babba shi da matarsa Sadiyya. 'Yan dubiya suka yi ta zuwa, kowa da sassauta murya. Sannu Malam Lawal, ya jiki, Allah ya ba da haƙuri. Babu abin da Lawal ya tsana kamar wannan muryar. Ya ce da Sadiyya mutane na yi masa magana kamar suna tsoron kada su tashi gawa.

Ukasha kuwa ranar da ya je, tun daga ƙofar zaure ya ɗaga murya.

"Ina makahon gidan nan? Kai da ma da idon naka ba ka ganin rami, me ka rasa?"

Sadiyya ta dafe ƙirji. Lawal kuwa ya yi dariyar da rabonsa da ita tun kafin asibiti, ya ce a ba bawan nan tsintsiya ya share zauren ubangidansa kafin ya zauna.

Daga nan abin ya zame musu ƙa'ida. Zamanin faifai ya wuce, an koma turi a waya. Duk mako Ukasha zai je wajen masu turi a sa masa sabon kashi, amma ba zai buɗe ba. Ran Lahadi bayan azahar ya hau babur ɗinsa ya nufi Kanya Babba. A zaure za su jingina wayar da butar alwala, Ukasha ya zama ido, Lawal ya zama kunne. Ukasha ya faɗi wanda ya shigo, da kalar rigarsa, da yadda ya harari wane. Lawal kuma, da kunnensa ya yi kaifi, ya riƙa cewa wannan mai muryar munafuki ne, ka sa ido a kansa, kuma sau da yawa haka take fitowa. Su yi musu, su zagi juna, su sha furar Sadiyya, kafin magariba Ukasha ya kama hanya. Shekaru suka yi ta tafiya a haka. Sauran kwanakin mako Lawal jiran Lahadi yake yi, ko da yake ko za a yanka shi ba zai faɗa ba.

Shirin da ya daɗe kuwa sai masu shi sun fara taɓe-taɓe. Suka fara da rigar Katanga, suka cire ta ma'aikata suka sa masa wata matsattsiya mai sheƙi. Ukasha ya yi mita har Kazaure. Suka ɓatar da kwanon abincin ba tare da wani bayani ba. Ya ce an fara. Sannan a wani zango aka wayi gari da sabon mutum gaba ɗaya, wani siririn yaro mai gyararren gashi, wai shi ne Katanga. Ranar Ukasha kasa fassara ya yi don takaici.

"Wallahi Lawal da ka ga abin da suka kawo mana. Wannan ko buhun gero ba zai ɗaga ba."

"Kai ka jiyo," in ji Lawal. "Ni nawa Katangan bai canza ba, yana nan da ƙaton wuyansa. Ka ga amfanin makanta, bawa."

Aka yi dariya aka wuce wannan. Wanda ba a wuce ba shi ne zangon da ya biyo baya. A kashin farko wata gada ta rufta wa Katanga, kuma a karon farko jikinsa ya ƙi ɗauka. Bayansa ya karye, ƙarfin ya tafi. Ukasha ya ce kada ka damu, mako mai zuwa zai miƙe, haka suke yi. Mako ya zo bai miƙe ba. Aka nuna shi a keken guragu cikin ɗaki, ya bar gemu, ya rufe taga. Matarsa ta kawo abinci ya ture. Tsohon abokinsa ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce a ce ba ya nan.

"Me yake yi yanzu?" Lawal ya tambaya.

"Ba ya yin komai. Yana zaune."

"Fuskarsa fa?"

"Ya juya ta bango."

Can Lawal ya ce, "Mayar mini da wurin nan baya."

Ukasha ya mayar yana tsaki. Mutumin da ya iya gane harara a fuskar Bature cikin 'yar wayar da ba ta kai tafin hannu ba, bai kalli fuskar da ke kusa da kafaɗarsa ba. Bai lura Lawal ya daina zolaya ba, bai lura furar Lawal na nan ba a taɓa ba. Shi dai ransa na ƙuna, an lalata masa mutuminsa.

A mako na gaba aka nuna Katanga ya faɗo daga keken yana ƙoƙarin shiga banɗaki, matarsa ta zo ɗaga shi ya daka mata tsawa. Nan Ukasha ya kife wayar a tabarma.

"Wannan ba Katanga ba ne! Wane irin wulaƙanci ne wannan? Mutumin da ya saba tare jirgi, a ce ya koma ɗaki, sai an kawo masa abinci, sai an kai shi bayan gida, ba abin da ya iya sai huce haushi kan matarsa? Wallahi da su bar shi haka gara su kashe shi kowa ya huta. Irin wannan rayuwar ina amfaninta?"

Lawal ya ɗan juyo da kansa. "Haka ka gani?"

"Haka na gani mana."

"Ni kuwa ina so in ji yadda zai yi."

"Babu yadda zai yi, ya ƙare! Ni dai na gama. Na rantse da Allah, idona ba zai ƙara kallon shirin nan ba."

Ya faɗe ta da cikakken baki, ba irin wallahin da ke zubowa a tsakiyar hira ba. Sadiyya na tsaye a bakin ƙofar cikin gida da kwanon ruwa a hannu. Ta juya ta koma da shi. Lawal ya ce, "To, Allah ya kyauta," ya lalubi carbinsa.

Da Ukasha ya bar maganar a zauren, da wataƙila da sauƙi. Amma washegari sai da ya kai ta gindin darbejiya, ya maimaita rantsuwar a gaban kowa yana buga ƙirji. Majalisa kuwa abin nema ya samu. Aka ce za a gani. In ya wuce ta shagon masu turi sai wani ya ƙwala masa kira, Ukasha runtse ido, ga mutuminka nan. Shi kuma ya ƙara ɗaure fuska, yana jin kansa namijin duniya mai magana ɗaya.

Lahadi ta zo ya je Kanya Babba da kankana maimakon sabon kashi. Suka gaisa, suka taɓa maganar damina, suka taɓa tsadar taki, hira ta mutu. Ukasha bai taɓa sanin cewa shirin ne ke riƙe musu zaren magana ba. Da shirun ya ishe shi sai ya koma zagin marubutan shirin, yana lissafa laifinsu tun daga riga har zuwa keken. Lawal ya yi ta jan carbinsa. Lahadin da ta biyo baya ma haka. Ta gaba aka tashi da hadari, Ukasha ya ce hanya ba za ta yi kyau ba. Ta gaba kuma ya samu aikin fentin wata makaranta a Roni. Ya kira a waya, Lawal ya ce ba komai, aiki ai shi ne gaba. Daga nan uzuri ya daina wahalar samu.

Ba wai bai san mafita ba. Duk wanda ya taɓa zama gaban malami ya san wanda ya rantse, sannan ya ga karya rantsuwar ya fi alheri, sai ya karya ya yi kaffara, ya ciyar da mabuƙata goma. Ukasha na da halin yin haka ko a ranar. Abin da ya hana shi kunya ce, kuma kunyar banza. Ya hango Zulaiha tana ɗora babbar tukunya maƙwabta na tambayar ko suna ake yi. Ya hango majalisa ta ji cewa magidanci mai jikoki ya yi kaffara saboda Bature mai matsattsiyar riga. Ya ce a ransa bari dai a kwana biyu maganar ta lafa. Damina ta wuce, aka yi girbi, aka kai amfani gida, maganar ta lafa har an manta, shi kuma ya saba da kwana a gida ran Lahadi.

Zulaiha ce ta dawo masa da ita. Ta je suna a Babura ta haɗu da Sadiyya, washegari da safe ta same shi a tsakar gida yana dama fenti.

"Malam, me ka faɗa wa Yaya Lawal?"

"Ni? Me na faɗa masa?"

"Sadiyya ta ce tun ranar da ka yi rantsuwar nan bai ƙara zama a zaure ba sai in baƙo ya zo. Ta ce ya hana ta kama hannunsa zuwa banɗaki, da bango yake lalube, har ya faɗi ya fasa goshi. Ta ce cewa ka yi mutumin da sai an kawo masa abinci, sai an kai shi bayan gida, gara ya mutu kowa ya huta."

Ukasha ya saki sandar da yake damawa. "Subhanallahi! Ni da Katanga nake!"

"Shi kuma da kunnensa ya ji."

Ya zauna a kan bokitin fenti. Ya nemi ya ce ƙarya ne, ya kasa, don kalmomin sun dawo masa ɗaya bayan ɗaya da muryarsa. Ya tuna yadda Lawal ya ce a mayar masa da wurin nan baya. Ya tuna ya ce yana so ya ji yadda zai yi. Ashe duk makonnin nan mutumin ba shiri yake saurare ba, jira yake a gaya masa yadda wanda ya rasa abin da yake taƙama da shi yake ci gaba da rayuwa. Shi kuma da aka ba amanar ido, ya ba shi amsa. Kunya da baƙin ciki suka rufe Ukasha, ranar ko shago bai buɗe ba.

Washegari ya auno shinkafa da mai. Zulaiha ta dafa, aka kai wa tsofaffi da zawarawan unguwa da ba su da mai yi musu. Majalisa ta ji, ta yi dariyarta, wani ya ce Allah ya karɓa, Katanga ya gode. Kafin jibi an koma musun ƙwallo. Wannan ne abin da ya fi ci wa Ukasha rai: dariyar da ya shafe wata da watanni yana gudu, ko wuni biyu ba ta yi ba.

Ya je wajen masu turi ya karɓi duk abin da ya wuce shi, ya rufe kansa a shago ya kalla. Katanga ya daɗe a ɗakin nan. Amma a ƙarshen zangon wata likita ta zo da wata allura, aka yi masa, aka sa kiɗa mai tashi, sai ga shi ya dafa keken ya miƙe, ya fita ya tare wata motar mai da ta ƙwace. Ukasha ya yi tsalle har ya zubar da gwangwanin jan fenti. A ganinsa ya samu abin da zai kai. Ran Lahadi ya hau babur yana ta shirya yadda zai ba da labarin.

Sadiyya ce ta amsa sallamarsa. Ta gaishe shi da ladabi ta ce bari a gaya masa. A da babu wani gaya masa, kutsa kai yake yi. Ta fito da darduma mai laushi ta shimfiɗa a kan tsohuwar tabarmar, ta ajiye ruwa a kofin gilashi. Aka jima kafin Lawal ya fito yana bin bango, ya rame, ga tabo a goshi, ya sa wankakkiyar riga da hula.

"Kai makaho, har da hula? Ɗaurin aure za ka?" in ji Ukasha.

Lawal ya yi murmushi. "Ai cewa aka yi na yi baƙo. Sannu da zuwa, Malam Ukasha. Ya hanya? Ya iyali? Ya wajen su Zulaiha?"

Gaisuwar ta yi tsawo, ya tambayi kowa da sunansa. Ukasha ya amsa yana jiran inda za a ce masa bawa, ba a zo wurin ba. Sai ya zaro waya da sauri.

"Na yi kaffara, Lawal. Na kalla duka. Albishirinka, ya tashi! Wata likita ce ta yi masa allura, wallahi da ka ga yadda ya miƙe, har mota ya tare. Bari in sa maka daga inda muka tsaya."

"Ya tashi?"

"Ya tashi garau!"

"Madalla," in ji Lawal. "Su a can ana tashi." Ya gyara zama. "Bar shi kawai, kada ka ƙarar da cajinka. Ni na bar shi a inda ka bar mini shi."

Sai a lokacin Ukasha ya ji irin albishir ɗin da ya ɗauko tun daga Kazaure ya kawo wa mutumin da babu allurar da za ta yi masa. Ya ajiye wayar. Ya ce maganar da ya yi ranar nan ba da shi yake ba, Allah ne shaida, ya roƙe shi ya yafe masa. Hawaye ya zubo masa yana faɗa.

"Haba, ba komai," in ji Lawal a hankali. "Na yafe tun a ranar. Ai ba ƙarya ka yi ba, abin da ka gani ka faɗa. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Da ya zage shi, da ya ce a miƙo masa sanda ya rotsa kan bawan nan, da Ukasha ya koma gida da farin ciki. Amma an yafe masa cikin ladabi, kuma bai san ta inda ake roƙon abin da ya wuce yafiya ba.

Shirin na nan ana yi har yau, an ce ma sun sake canza jarumin. Ukasha bai sani ba, ya daina tambaya, kuma wannan karon babu rantsuwa. Lahadi kuwa ba ta ƙara wuce shi ba, ko ana ruwa ko ba a yi. Yakan je da kankana ko rake, a shimfiɗa masa darduma, su yi maganar gona da ta mutanen da suka rasu. Wani lokaci yakan jefa tsokana ya saurara, Lawal ya yi murmushi ya bar ta ta faɗi ƙasa. In la'asar ta yi sanyi ya tashi tafiya, Lawal kan miƙe ya rako shi har bakin zaure, ya ba shi hannu biyu.

"Mun gode ƙwarai, Malam Ukasha. Allah ya ba da ladan dubiya."

Ukasha ya ce amin, ya tayar da babur.